Daɓen da Abdoul Razak Ya Sa wa Hannu

Na san Abdoul Razak tun shekarar 2006, lokacin da ɗakina yake manne da nasa a gidan ɗalibai na Villeurbanne, gefen birnin Lyon. Ni ina karatun sinadarai, shi kuma ya zo karatun gine-gine. Mutumin Tasawa ne, dogo, siriri, marar son hayaniya. Mahaifinsa magini ne, ya sayar da gonar gado ya turo shi don ya zama injiniya.

Bai zama injiniyan ba. Lissafi ya kayar da shi shekara biyu a jere, sai ya koma gajeren karatu, ya fito da takardar mai kula da aikin gini. Bai taɓa faɗa wa mutanen gida bambancin ba, kuma har mahaifin ya rasu yana ce wa maƙwabta ɗansa injiniya ne a Faransa.

Bayan karatun ya yi wata takwas yana yawon neman aiki, takardun zamansa suna gab da ƙarewa. Wanda ya ɗauke shi wani dattijo ne mai ƙaramin kamfanin gina gidaje a gabashin Lyon, ma'aikatansa ba su kai ashirin ba. Shi ya cika masa takardu, shi ya tsaya masa har ya sami ɗakin haya. Abdoul Razak bai taɓa kiran sunansa a gabana ba, kullum sai dai ya ce patoron, wato maigida, kuma yadda yake faɗin kalmar za ka ji kamar baffansa yake nufi.

Aikin da ya ƙware a kai shi ne na ƙarƙashin daɓe. A ƙasar nan, in za a gina gida ba a zuba kankare a kan ƙasa haka kawai, don sanyin ƙasa zai bi ta cikinsa ya shigo ɗaki. Sai an daddale tsakuwa, an bi ta da rairayi, an shimfiɗa leda mai kauri, sa'an nan a jera allunan farin soso da suke kira polistiran, a haɗa bakinsu tsaf ba tare da an bar kafa ba. A gefe kuma, inda daɓe zai haɗu da bango, sai a tayar da wani siririn soso ya zagaye gidan duka. Bayan haka ne ake ɗora ragar rodi, motar kankare ta zo ta zuba. Da an zuba, magana ta ƙare, ba mai sake ganin abin da ke ciki.

Na taɓa kai masa saƙo a wurin aiki, na tarar da shi durƙushe a kan gwiwoyinsa yana bin bakin allunan da yatsa. Wani wurin da ya ga ƴar tazarar da ba ta kai faɗin farce ba, ya sa aka ɗaga allo uku aka sake jerawa. Magina suna tsaye suna ta ƙorafi, shi ko ɗago kai bai yi ba. Da na ce masa ai wannan ɗin ba komai ba ne, sai ya ce: "Kai ba za ka gan ta ba, amma wanda zai taka daɓen nan da asuba a watan Janairu zai ji ta a ƙafarsa."

A 2012 ya je gida ya auro Ramatou, ƴar Maradi, mace mai fara'a da son mutane. Suka zauna a hawa na uku na wani bene kusa da layin taram, jirgin cikin gari. Ta sami aiki a kicin ɗin wata makarantar yara, suka haifi Hamdiya. Ranar Lahadi mukan taru a gidansu mu ci tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya da ake aiko mata daga gida. Shekarun nan su ne mafi daɗi da na san ya yi.

Abin ya faru a watan Nuwamba na 2018. Kamfanin yana gina gidaje shida a jere a wani ƙauye da ke bayan filin jirgi. An gama daɓen uku na farko lafiya. Ranar Alhamis da hantsi motar kaya ta sauke soson sauran ukun, Abdoul Razak ya buɗe ɗaurin farko ya ga kaurinsa santimita shida ne, alhali zanen gidan sha biyu ya ce. Ya duba sauran, duk haka suke. Siririn soson gefen bango kuwa ba a ma kawo shi ba.

Ya kira patoron. Dattijon ya zo da kansa, ya tsaya da hannu a aljihu yana kallon kayan, sa'an nan ya kalli sama. An riga an yi odar motocin kankare na gobe da ƙarfe bakwai, kuma an ce mako mai zuwa ƙanƙara za ta sauko, ba a zuba kankare cikinta.

"Shimfiɗa abin da ke akwai," in ji shi.

"Patoron, rabin kauri ne. Kuma babu na gefe."

"Na gani, ina da idanu. In muka jira, sai bayan sabuwar shekara. Masu gidajen sun riga sun ba da sanarwar barin inda suke haya. Kana so su kwana a titi?"

"Ko mu ninka allunan biyu biyu, mu yi gida ɗaya da rabi..."

"Razak," dattijon ya dafa kafaɗarsa, "shekara nawa muke tare? Na taɓa sa ka a hanyar banza? Na gina gidaje arba'in babu soso ko ɗaya a ƙarƙashinsu, kuma mutane suna ciki har yau."

Abdoul Razak ya gaya mini daga baya cewa ya yi kusan minti goma a tsaye bayan motar dattijon ta tafi. Ramatou tana da cikin wata bakwai. Takardar neman zama ɗan ƙasa da suka shigar tana hannun hukuma, kuma abu na farko da ake dubawa shi ne mutum yana da aiki. Amma ya ce ba wannan ne ya fi yi masa nauyi ba. Kunya ce. Bai san yadda zai kalli mutumin da ya ɗauke shi lokacin da kowa ya ƙi shi ya ce masa a'a ba.

Ya shimfiɗa. Ya ce bai taɓa jera alluna da kyau irin na ranar ba, kamar kyan jeri zai ƙara musu kauri. Washegari aka zuba kankare. Da yamma aka kawo masa takardar da ake cikawa bayan kowane mataki na aiki, a layin kaurin soso an riga an buga sha biyu. Ya sa hannu.

Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Abin da muka lura da shi kawai shi ne ya rage zuwa cikin mutane, kuma in ana hira sai ka ga hankalinsa ba ya wurin. Ramatou ta haifi namiji, muka yi suna, ya yi ta murmushi yana raba dabino, amma ko a ranar na ga ya fita baranda shi kaɗai ya daɗe.

Gida na huɗu a layin wata mata ce ta saye shi, sunanta Sofia, ma'aikaciyar jinya ce, iyayenta mutanen Aljeriya. Ta zaɓi gidan ne don ba shi da matakala, saboda mahaifinta da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗaure a keken guragu. Sanyin farko ya wuce da ƙorafin cewa ɗakunan ba sa ɗumi duk yadda aka kunna na'urar ɗumama gida. A sanyi na biyu baƙar fumfuna ta fara fitowa a gindin bango, ta zagaye ɗakunan kamar an ja layi. Sofia ta yi ta rubuta wa kamfanin, har patoron ya gaji ya ce Abdoul Razak ya je ya gani.

"Ka ce musu su riƙa buɗe taga," in ji shi. "Mutanen nan suna dafa abinci, suna shanya kaya a ɗaki, sa'an nan su ce gini ne."

Wata safiyar Fabrairu ya je. Sofia ta buɗe masa cikin kayan aikinta, daga asibiti take. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, kuma tun takun farko ya ji sanyi ya ratsa safarsa ya hau ƙafarsa. A falo tsohon yana zaune cikin kekensa, an lulluɓe shi da bargo biyu, an sa kwali a ƙarƙashin ƙafafunsa. Da ya ji sunan baƙon sai fuskarsa ta saki, ya yi masa sallama da bakinsa da ya karkace, ya miƙa masa hannun da ke motsi. Sofia ta kawo kofi.

Ta ja kujera ta nuna masa bangon. Ta ce ta wanke shi sau biyar, bayan mako biyu ya dawo. Ta ce tun Disamba tsohon yake tari.

"Ku da kuka san aikin, mene ne wannan? Ni dai gaskiya nake so in ji."

Abdoul Razak ya durƙusa ya taɓa gindin bangon. A jiƙe yake. Ya san daidai abin da ke ƙarƙashin hannunsa, ya san kuma abin da babu. Ya miƙe ya ce mata sabon gini yakan ɗauki lokaci kafin ya bushe, su riƙa buɗe tagogi minti goma safe da yamma. Ta rubuta a ƴar takarda ta liƙa a jikin firiji. Da zai fita tsohon ya yi masa addu'a, Allah ya yi wa zuri'arsa albarka.

Daga can bai koma wurin aiki ba, ɗakin gwajin da nake aiki ya zo. Muka zauna a benci a waje cikin sanyi ya ba ni labarin tun daga farko. Na ce masa ya je ya faɗa. Ya ce zai faɗa. Wata tara suka wuce bai faɗa ba.

Masu gidajen uku suka haɗu suka kai maganar ga kamfanin inshora, aka turo ƙwararren mai bincike. Ya zo da kyamarar da ke nuna zafi da sanyi, gefen daɓen ya fito shuɗi a hoton, alamar sanyi. Sa'an nan ya sa aka huda daɓen a kusurwar falon Sofia, aka ciro guntu kamar gwangwani, aka aza ma'auni a kan soson. Shida.

Aka kira taro a falon nan. Akwai mai binciken, da lauya, da masu gidajen, da patoron, da Abdoul Razak. Patoron ya buɗe jakarsa ya fito da takardar, ya ajiye ta a kan tebur a hankali. Ya ce shi yana ofis, ba ya iya zama a kowane wurin aiki, shi ya sa yake da mai kula, ga kuma sa hannun mai kular. Bai kalli Abdoul Razak ba.

Mai binciken ya juyo. "Sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Ka san shida ne lokacin da ka sa hannu?"

"Na sani. Ni na shimfiɗa su da hannuna. Na kira patoron, ya zo ya gani, ya ce in shimfiɗa abin da ke akwai."

"Akwai rubutu? Saƙon waya? Wani ya ji?"

Babu. Magina biyun da ke wurin ranar ƴan kwangilar wucin gadi ne, ba wanda ya san inda suke. Patoron ya girgiza kai kamar wanda abin ya ba tausayi, ya ce bai tuna da wannan magana ba.

Da mutane suka fara tashi, Sofia ta bi bayan Abdoul Razak. Ta tare shi a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi.

"Ranar da ka zo ka sha kofi a nan, ka sani?"

"Na sani, madam."

"Kuma ka ce in buɗe taga. Na yi ta buɗe wa babana taga a watan Fabrairu."

Ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Bayan mako guda aka sallame shi da takardar babban laifi. A daren sallamar ne Ramatou ta ji labarin karo na farko. Ta gaya mini ba korar ce ta ƙona mata rai ba. "Shekara uku, Mamadu," ta ce da ni. "Shekara uku muna kwana ɗaki ɗaya, ina tambayarsa mi ke damunka Abban Hamdiya, yana ce mini gajiya ce." Ba ta bar shi ba, amma dariyar nan tata da muke ji tun daga matakala ta ragu ƙwarai.

Masu gini a yankin Lyon sun san juna. Duk inda ya kai takardunsa sai a ce za a kira shi. Kamfanin patoron kuwa ya rufe kafin shekara, surukinsa ya buɗe wani da sabon suna, da motoci iri ɗaya. Takardar neman zama ɗan ƙasa aka ɗage ta, don ba shi da aiki. A bazarar 2022 suka tattara kaya suka koma Paris, unguwar La Courneuve, inda kawun Ramatou, Alhaji Chaibou, yake zaune shekara talatin. Shi ya samar musu ɗaki biyu a wani dogon bene, shi kuma ya haɗa Abdoul Razak da masu ɗaukar ma'aikata a babbar kasuwar abinci ta Rungis.

Can yake aiki a ɗakin sanyi na ƴaƴan itace, yana sauke akwatuna yana ɗorawa. Shekara goma sha ɗaya na durƙuso a kan tsakuwa sun riga sun cinye masa gwiwoyi, sanyin ɗakin kuma ya ƙarasa su. Alhaji Chaibou ya sha ce masa ya nemi aikin gini a Paris, nan ba wanda ya san shi. Ya ce to, Kawu. Bai taɓa nema ba.

Abu ɗaya ya yi wanda ba wanda ya sa shi. Ya zauna ya rubuta shafi shida da hannunsa, ranar da aka kawo kayan, lambar motar da ta kawo su, inda soson gefe ya kamata ya kasance a kowane gida, da zane. Ya aika wa lauyan masu gidajen. Da aka nemi ya zo ya maimaita a gaban alƙali, ya hau jirgin ƙasa ya zo. Lauyan ya ce lambar motar nan ce ta kai su ga takardar odar kayan, wadda ta nuna daga ofis aka yi odar mai santimita shida tun farko, ba kuskuren masu kawowa ba ne. Wannan bai wanke Abdoul Razak ba, sa hannunsa yana nan. Amma a ƙarshen 2023 inshora ta amince a fasa daɓen gidajen uku a sake su.

Tsohon bai ga gyaran ba. Ya rasu a watan Janairu, saura mako shida a fara aiki. Sofia ce da kanta ta kira Abdoul Razak, ta samo lambarsa a wurin lauya. Ta ce likita ya ce zuciya ce, ba sanyin gida ba, kuma ta ga ya kamata ya ji haka daga bakinta. Ya yi mata ta'aziyya, ya fara cewa ta yafe masa. Ta ce ba don wannan ta kira ba, ta yi masa sai an jima.

A watan Maris ya zo Lyon ya sauka a wurina, ya ce in kai shi ƙauyen. Muka ajiye mota a ƙarshen layi muka taka. An kwashe kayan gida na huɗu, ƙofa a buɗe, ana fasa daɓen da injin, ƙura tana fitowa ta taga. A waje an tara ɓaraguzan kankare, guntayen farin soso suna manne da su. A gefe guda ga sabbin alluna a ɗaure cikin leda. Ya matsa ya sunkuya da ƙyar yana karanta rubutun da ke jikin ledar. Wani ma'aikaci ya fito ya ce masa, malam, ba a shiga nan, ka koma bayan shinge. Ya ba shi haƙuri ya koma. Mun yi kamar rabin awa a tsaye, sa'an nan ya ce gwiwarsa ta fara, mu tafi. A mota na tambaye shi nawa ne kaurin. Ya ce sha huɗu.

Yanzu shekararsa arba'in da biyu. Likita ya ce sai an yi wa gwiwar dama aiki, an sa shi a layi, an ba shi watan Oktoba. Kafin nan an mayar da shi tuƙa ƙaramar motar ɗaga kaya, don ba ya iya sunkuyo. Ramatou ta sami aiki a wani kicin ɗin makaranta a Saint-Denis, tana so su koma Lyon inda ƙawayenta suke, shi kuma ba ya son a tayar da maganar. Hamdiya ta shiga shekara goma sha ɗaya. Ta tambayi uwarta sau biyu dalilin da ya sa suka baro gidansu na da, uwar ta ce ta tambayi babanta. Da na yi waya da shi makon jiya ya ce yana so ya gaya mata da kansa kafin ta ji a bakin wani, amma yana jira a gama aikin gwiwar tukuna.